Kawu Sito da Sikelin Gumi

Shekara ashirin da bakwai kawuna ya yi yana riƙe da makullin sito na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, kuma a tsawon wannan lokaci ba wanda zai ce ya taɓa jin sa a cikin mutane yana cewa wane ya iya ƙwallo, wane bai iya ba. Koci goma sha huɗu suka zo suka tafi a gabansa, wasu da rakiya har filin jirgi, wasu ta ƙofar baya da jakarsu a kafaɗa. Shugabannin hukumar ƙwallo shida ya gani. Shi kuwa yana nan a wani ɗaki marar taga da ke ƙarƙashin kujerun 'yan kallo na babban filin wasa, inda in aka ci ƙwallo a sama sai garin siminti ya zubo masa a kai. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa. Yara da manya Kawu Sito suke ce masa, har da matarsa in ranta ya ɓaci.

Lokacin da na dawo daga karatu a waje, saura masa wata tara ya yi ritaya. Burinsa ɗaya ne, kuma ya faɗa mini shi tun ranar da na fara zuwa gaishe shi: ya kai ranar lafiya, ya nuna wa wanda zai gaje shi inda komai yake, ya miƙa makulli da hannunsa, ya fita ta babbar ƙofa.

"Duk wanda na sani a gidan nan, a rediyo ya ji an sallame shi," in ji shi. "Ni so nake in zama na farko da zai ce musu sai wata rana."

Ɗakin ba shi da girma. Kantoci uku na ƙarfe cike da takalman ƙwallo, kowace ƙafa biyu an ɗaure su da igiyarsu. Buhunan raga cike da ƙwallaye, teburin guga, sai ƙusoshi ashirin da uku a jere a bango, inda yake rataye rigunan waɗanda za su buga wa ƙasa wasa. Warin ɗakin bai canza ba tun ina yaro, man zafi ne da sabulun gari da roba. A lungu akwai wani tsohon injin wanki da wani koci ɗan ƙasar waje ya bari lokacin da ya tafi bai yi sallama ba. Injin yana da hali. In aka zuba masa kaya fiye da kilo takwas sai ya kama rawa, ya baro lungunsa ya nufi ƙofa yana jan tiyo a bayansa. Saboda shi ne Kawu ya sayo wa kansa sikelin rataye, irin mai ƙugiyar nan da mahauta ke auna nama.

Da farko dami-dami yake aunawa. Daga baya, saboda zaman kaɗaici, ya fara rataya riga ɗaya-ɗaya bayan kowane wasa. Busasshiyar riga nauyinta ɗaya ne ko ta wa ce. Wadda aka yi minti casa'in a cikinta kuwa, kowa da irin tasa. Yakan rubuta lambar riga da nauyinta da alli a bayan ƙofa, in wani wasan ya zo ya goge. Bai taɓa nuna wa kowa ba, kuma ba mai leƙa bayan ƙofar sito. Sai ni.

Babbar gasar nahiya ta waccan shekarar ba sai na tuna wa kowa ba, amma saboda wanda Allah ya tsare bai kalla ba: wasa uku muka buga, aka doke mu a duka ukun. Ƙwallo ɗaya muka ci, ita ma wani ɗan bayan abokan karawarmu ne ya tausaya mana ya zura a ragarsu. 'Yan wasa suka shigo gari ta ƙofar da ake fito da kaya a filin jirgi. Koci ya ji sallamarsa a rediyon motar hayar da ta ɗauko shi. Sannan hukuma ta yi abin da takan yi duk lokacin da jama'a suka fusata, ta kafa kwamiti. Kwamitin Sake Gina Ƙungiyar Ƙasa, mutum goma sha tara, aikinsu su zaɓo 'yan wasa ashirin da uku. Kowane ɗan kwamiti ya zo da suna ɗaya ko biyu a aljihu, ɗan ƙane, ɗan aminin suruki, ɗan mai gidan da yake haya. Mako shida suna zama a otal, abu ɗaya suka iya daidaitawa a kai, wato ƙarfe nawa za a riƙa kawo abincin rana.

A cikin makonnin nan ne na sake leƙa Kawu a sito. Ya ce in turo ƙofa don inji ya fara tafiya, sai na ga rubutun alli, na wasan bankwana da aka buga kafin a tafi gasar, bai goge ba.

"Kawu, wannan lissafin na mene ne?"

"Na wanki."

"Lamba tara, giram ɗari bakwai. Riga ɗaya?"

"Tanki ke nan," ya ce, yana nufin ƙaton ɗan gabanmu wanda ya ɓarar da ƙwallo huɗu a gasar, gida ba gola. "Wannan tun ana taken ƙasa yake zuba. Ko benci ya zauna sai na matse rigarsa."

"Lamba takwas fa? Da kaɗan ta ɗara busasshiya. Ba ya gudu ne?"

Lamba takwas ta Dattijo ce, ɗan wasan tsakiya. Shekararsa ashirin da huɗu, an laƙaba masa sunan ne saboda yadda yake tafiya a fili kamar wanda aka kira sasanta rigima. Kawu ya ajiye dutsen guga.

"Mai Digiri," haka yake kirana tun da na dawo, "wanda ya san inda ƙwallo za ta faɗo, me zai kai shi gudu? Tsayawa yake ta zo ta same shi."

Ban taɓa jin ya yabi ɗan wasa ba sai ranar. Shi ma ya lura, don nan take ya koma kan gugarsa.

"To, me sikelin ke gaya maka a kansu?" na tambaya.

"Yana gaya mini riga nawa zan zuba wa inji."

Da na bar maganar a sito, da babu abin rubutawa. Kwana biyu bayan haka na haɗu da Sakataren kwamitin a shagon aski. Ajinmu ɗaya a firamare, kuma tun a lokacin shi ke rubuta sunan masu surutu. Yana ta kuka da 'yan jarida, wai kullum sai sun tambaye shi da wane ma'auni za a zaɓi sababbin 'yan wasa, shi kuwa ba shi da abin faɗa. Ni kuma, don kada a ce na dawo daga waje ba ni da labari, sai na ba shi na sikelin Kawu. Ban faɗe shi yadda Kawu ya faɗa ba, na yi masa ado. Na ce a inda na yi karatu na'ura ake manna wa 'yan wasa a baya don a san wahalar da kowa ya sha, ga shi wani tsoho a ƙarƙashin filinmu ya gano hanyar yin haka da ƙugiyar mahauta. Zancen Tanki da lamba takwas kuwa ban kai gare shi ba, don mai aski ya danna mini kai yana gyaran ƙeya. Kafin in ɗago, Sakatare yana ce wa nasa mai askin ya yi sauri.

Kwana uku tsakani Ciyaman na kwamitin ya fito a rediyo. Ya ce bayan dogon nazari sun samo sabuwar fasaha irin ta ƙasashen da suka ci gaba. Za a gayyato 'yan wasa sittin sansanin horo na kwana goma, kullum bayan atisaye a auna rigar kowa, ashirin da ukun da suka fi nauyi su ne ƙungiyar ƙasa. "Ba ɗan wane, ba jikan wane," in ji shi. "Gumi ne zai yi magana."

Da yamma na je gidan Kawu. Matarsa, wadda muke kira Inna, tana tsakar gida tana kwashe shanya.

"Sannu da zuwa, mai ilimi," ta ce. "Shekara bakwai a ƙasar mutane, ashe tallan kawunka aka koya maka."

"Inna, ni fa yabonsa na yi."

"A hukumar can da yabo ake fara kora," in ji Kawu daga kan kujerarsa. "Duk kocin da ka ji an ce aikinsa na kyau, ya fara haɗa kaya." Ya dubi rediyon da ke gefensa. "Shekara ashirin da bakwai ba wanda ya san ina da ido. Kai wata biyu kacal ka yi, ka sa mini baki."

Ranar buɗe sansani aka kafa tebur a bakin hanyar da 'yan wasa ke bi daga fili zuwa ɗakin canza kaya. Aka kafa wani ƙarfe aka rataye sikelin. Aka ba Kawu farar riga irin ta likitoci, hannunta ya yi masa tsawo sai da ya naɗe, aka liƙa masa kati a ƙirji mai cewa Jami'in Ma'auni. Aikinsa ya karɓi riga, ya rataya, ya faɗi nauyi, Sakatare ya rubuta. Ni ma Sakatare ya samo mini kujera a gefe, a matsayin wanda ya ga yadda ake yi a waje. Na zauna, don ban ga inda zan tsaya in ce ba ruwana ba.

Ranar farko ce kaɗai aka yi gaskiya. Tanki ya zo na ɗaya da tazara mai yawa. Gololi shida da aka gayyata suka cika ƙarshen takarda, don mutumin da ke tsaye a raga ba ya jiƙewa. Sai washegari wani ɗan kwamiti ya lura cewa in aka tafi a haka ƙasa za ta shiga fili ba mai tsaron gida. Aka yi zaman awa huɗu, aka yanke cewa gololi su riƙa zagaya fili sau goma kafin awo.

A rana ta uku kowa ya gane abin da ake nema. Wasu suka sa leda a ƙarƙashin riga. Wasu suka shigo fili da kofin shayi mai zafi. Aka daina ba juna ƙwallo, don in ka tura wa mutum ita gaba ya bi da gudu, gumin nasa ne, kai ka ba shi. Kowa ya koma bin ƙwallo da kansa duk inda ta nufa, in ta fita waje ma ba a daina gudu. Na ga ɗan baya yana tsalle-tsalle shi kaɗai a gefen tutar kwana alhali ana duba wanda ya ji ciwo a ɗaya gefen. A tsakiyar wannan duka ga Dattijo, ƙwallo a ƙarƙashin ƙafarsa, yana waige-waige yana neman wanda zai tsaya wuri ɗaya ya karɓa. Sabon kocin riƙon ƙwarya yana zaune a inuwa da usur a wuya. Shi ma an gaya masa gumi ne zai yi magana, don haka bai ce komai ba.

A rana ta huɗu aka gano famfo. Tsakanin fili da teburin Kawu akwai ɗan lungu mai bayan gida, kuma daga ranar duk wanda ya tashi daga atisaye sai fitsari ya kama shi. Riguna suka fara zuwa sharkaf suna ɗiga a kan takardar Sakatare. Wata ta zo da sanyi kamar daga firji. Wata ta zo tana ƙamshin sabulu. Ɗan ƙanin matar Ciyaman, wanda ya yi atisayen ranar a gindin raga yana ɗaure igiyar takalmi, ya kawo riga mai kilo ɗaya da kwata, ya ture Tanki daga na ɗaya. Tanki ya yi ƙorafi cewa ana cutarsa, kuma a iya sanina wannan ne karo na farko da yake da gaskiya a filin nan.

Kawu yana karɓa, yana ratayawa, yana faɗin lamba. Fuskarsa ba ta nuna komai. Sau ɗaya kawai na ga ya ɗan jinkirta, lokacin da Dattijo ya miƙo tasa, da ɗan danshi a baya da hammata. Ya rataya ta, ya bar allurar ta tsaya, ya ƙara jira kamar ko za ta canza ra'ayi.

"Ɗari uku da ashirin," ya ce.

A cikin mutum sittin, Dattijo na hamsin da takwas ne.

A rana ta bakwai ina sito da rana ina taya Kawu hira, Dattijo ya shigo, wai igiyar takalminsa ta tsinke. Kawu ya janyo aljihun tebur yana nema. Tun yaron yana ƙungiyar matasa Kawu ke wanke masa riga, ya san girman ƙafarsa ba sai ya tambaya ba.

"Kawu," in ji Dattijo, yana kallon kantoci, "kowa fa yana jiƙawa."

"Na gani."

"In jiƙa?"

"Ni wanki aka ɗauke ni."

"Na sani. Amma in kai ne fa?"

"Igiya ka zo nema, ga ta. Baƙa ce, ka yi haƙuri, farar ta ƙare."

Dattijo ya karɓa ya yi godiya ya fita. Washegari rigarsa ta sake zuwa ɗari uku da 'yan kai. Inna ta ce mini kwana biyun nan Kawu ba ya taɓa abinci, sai ya zauna ya sa kwano a gaba kamar mai gadinsa.

A wannan rana ta takwas ne Sakatare ya kawo masa takarda. Da la'asar Ciyaman zai zo da 'yan jarida su ga yadda fasahar ke aiki, kuma ana so Jami'in Ma'auni ya sa hannu cewa duk nauyin da aka rubuta gumi ne tsantsa, bisa ƙwarewarsa ta shekara ashirin da bakwai.

"Kawu, sa hannu ne kawai," in ji Sakatare. "Wata nawa ya rage maka? Mu ma muna so mu yi maka walimar bankwana mai kyau."

Kawu ya ce hannunsa da ruwa, a ajiye a kan tebur.

Da Sakatare ya fita, maimakon ya zuba rigunan atisayen safe a inji kamar kullum, sai ya kwashe su cikin kwanduna ya fita da su. Ya shanya su duka sittin a kan shingen ƙarfe da ke gefen fili, inda rana ke duka, kowace lamba tana kallon waje. Na tambaye shi dalili. Ya ce inji ne ya ƙi tashi. Da na koma sito ɗauko masa sauran kwandon, na ga wayar injin a zare daga bango, an naɗe ta tsaf an ɗora a kansa.

Rigunan atisaye shuɗi ne mai duhu. Kafin la'asar sun bushe ƙayau. Ciyaman ya iso da tawagarsa da masu kyamara, yana bayanin yadda ƙasashen waje suka fara tambayar sirrin fasahar. Hanyarsu zuwa teburin awo ta biyo ta gaban shingen. Wata 'yar jarida ta tsaya.

"Ranka ya daɗe, me ya sa wasu rigunan suke da farin zane a baya, wasu kuma kamar yanzu aka fito da su daga kanti?"

Kowa ya duba. Haka ne kuwa. Ta Tanki fari fat daga wuya har ƙugu. Ta Dattijo da siririn farin layi a tsakiyar baya da wani a kowace hammata. Ta ɗan ƙanin matar Ciyaman, mai kilo ɗaya da kwata, shuɗi tas ba ko ɗigo. Haka ta mutum bakwai cikin goman farko.

Ciyaman ya dubi Sakatare. Sakatare ya dube ni. Ni kuwa duk karatuna ban san amsar ba, na dubi Kawu, sai kowa ya bi idona. Yana tsaye da kwando a hannu cikin farar rigarsa mai dogon hannu. Yana iya cewa bai sani ba, ko ya ce sabulu ne. Shekara ashirin da bakwai yana ba da irin wannan amsar, kuma ba wanda zai ƙara tambaya.

"Gumi in ya bushe yana barin gishiri," ya ce. "Ruwan famfo ba ya bari."

Masu kyamara suka bi shingen riga bayan riga suna ɗaukar lambobi. Ciyaman mutum ne da ya daɗe a harkar, bai ko ƙifta ido ba. Ya yi murmushi ya ce madalla, 'yan jarida sun riga shi, wannan shi ne mataki na biyu na fasahar, wanda kwamiti ya ɓoye da gangan don a kama masu maguɗi. Aka tafa masa. Ya zo ya kama hannun Kawu a gaban kyamara, ya daɗe bai saki ba.

"Ashe kana magana, Kawu Sito," ya ce a hankali, yana murmushi.

Washegari gishiri ya ƙare a kantunan da ke kewayen filin. Bayan atisaye layin bayan gida ya fi na kullum tsawo, kowa da 'yar ledarsa a safa. Da aka shanya riguna suka bushe, shingen ya koma kamar an jera buhunan fulawa. Wata ta ƙandare har da aka sauke ta ta tsaya da kanta a kan ciyawa. Wani ɗan aminin surukin wani, wanda ban san yadda aka yi masa bayani ba, sukari ya zuba, kafin azahar tururuwa sun rufe lambarsa. Kawu ya bi layin yana murza kowace riga da yatsa biyu. A gaban ta ɗan ƙanin matar Ciyaman ya tsaya ya karkaɗe hannu.

"Wannan ko a tukunya ya yi yawa," ya ce.

A rana ta goma ba a yi awo ba. Kwamiti ya koma otal, bayan kwana biyu aka karanta sunaye a rediyo. Goma sha huɗu daga cikin waɗanda aka doke a gasar suna nan, har da Tanki. Sababbi tara, kuma duk wanda ya san 'yan kwamitin zai iya faɗin gidan da kowane ya fito. Mai sukari ma ya samu shiga. Dattijo ba ya ciki, saboda abin da rahoton ya kira rashin nuna ƙwazo a sansani. Daga baya Sakatare ya nuna mini takardar sunayen a ofishinsa, ba tare da wata kunya ba. Kwanan watan da ke samanta ya riga buɗe sansanin da mako ɗaya. Ya ce da ma abin da ya hana su fitar da ita tun farko, ba su da abin da za su ce wa 'yan jarida ne.

A ƙarshen sanarwar mai karanta labarai ya ƙara sakin layi ɗaya. Kwamiti ya gano cewa ruɗanin da aka samu a sansani ya faru ne saboda wani ƙaramin ma'aikaci da ya yaudari hukuma da sikelin mahauta, kuma an sallame shi nan take don a tsabtace harkar ƙwallo.

Kawu yana sito lokacin, yana manna lambobi a rigunan sabuwar ƙungiya, rediyo a kan kanta. Mai gadi ya ce mini bai kashe rediyon ba, bai kuma ajiye dutsen guga ba. Ya gama duka ashirin da ukun, ya rataye kowace a ƙusarta, lamba takwas ma ya goge ta kamar sauran. Ya cire farar rigar ya ninke, ya sauke sikelinsa ya sa a jaka, ya goge allin bayan ƙofa. Sannan ya rufe sito ya ɗauko kujera ya zauna a bakin ƙofa da makulli a hannu, yana jiran wanda za a turo ya karɓa.

Na same shi a nan da azahar. Na ce ya bar wa mai gadi mu tafi. Ya ce mai gadi ƙofa yake gadi, bai san inda ake ajiye allurar hura ƙwallo ba, kuma dole a gaya wa mutum halin injin. Muka zauna har ma'aikata suka tashi. Ba wanda ya zo. Da muka miƙe muka nufi babbar ƙofa muka tarar da ita a garƙame, don ba a buɗe ta sai ranar wasa. Ta ƙaramar ƙofar da masu shara ke bi muka fita, sai da ya sunkuya saboda jakar.

Washegari da safe aka turo mai walda ya yanke kwaɗon sito. Sabon mai sito ƙanin direban Ciyaman ne, ya zo da nasa kwaɗon sabo. Makullin Kawu yana nan a gidansa, Inna ta rataye shi a ƙusa ɗaya da sikelin. Na ba shi haƙuri sau uku a ranaku daban-daban. A na ukun ya ce in daina, wai ni labari na bayar, shi ne ya zare wayar inji.

Bayan wata ɗaya sabuwar ƙungiya ta buga wasan sada zumunci na farko. Muna kallo a gidan Kawu, ni da shi da Inna. Tun da 'yan wasa suka jeru ana taken ƙasa Kawu ya matso kusa da talabijin. Rigunan duka a jiƙe suke, sun manne musu a jiki, har ta gola, ba a ko taɓa ƙwallo ba.

"Kai, yau kam sun yi gumi," in ji Inna. "Ciyaman zai ji daɗi."

"Ya cika wa inji kaya," in ji Kawu. Ya koma ya jingina.

A hutun rabin lokaci, an zura mana uku, wayata ta yi ƙara. Sakatare ne. Ya ce da safe inji ya baro lungunsa ya tsinke tiyo, ruwa ya cika sito har ya kai kanta ta biyu, da ƙyar aka tsamo riguna aka matse. Akwai wani wasan nan da kwana huɗu. Wai don Allah in tambayi Kawu, a matsayinmu na 'yan aji ɗaya, riga nawa ake zuba wa injin a lokaci guda.

Na rufe bakin wayar da hannu na maimaita wa Kawu. Bai ɗauke ido daga talabijin ba, inda ake sake nuna yadda Tanki ya ɗaga ƙwallo sama da raga daga taku uku.

"Ka ce masa su kafa kwamiti," ya ce. Sannan ya miƙa wa Inna kofinsa ta ƙara masa shayi.